Inda Tunau Ya Ɓoye Gwangwani

A ƙauyen Kukar Sambo, can gindin duwatsu inda gajimare kan sauko ya huta da damina, akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Tunau, wanda in ka ce masa ya jira ka a nan, to a nan ɗin za ka same shi ko da sai baɗi ka dawo. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Magana ce dai ba ya yi mata kwaskwarima, yadda ka miƙa masa ita haka zai karɓa ya aikata. Akwai matarsa Hansai, wadda Allah ya auna wa haƙuri da mudu ya auna mata baki da buhu. Sai mahaifiyarsa Inna Tabawa, tsohuwar da yanar ido ta fara rufe wa gani, kullum tana kan 'yar kujerarta a ƙofar ɗaki tana shan hantsi.

Na huɗunsu ba ya gida. Shekarau, yayan Tunau, yana birni yana aikin zana taswira. Sa'ad da mahaifinsu ya rasu aiki ya kai shi nesa, bai samu jana'iza ba. Ya ce zai zo sadakar bakwai, bakwai ta wuce, ya ce ta arba'in, ita ma ta wuce. Daga nan kunya ta yi masa katutu, kowace shekara tana ƙara nauyi, har ya rasa da wace fuska zai shiga gidan. Ita kuwa Inna, ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta aika a kira shi, sai dai ta ce “yayanka” ko “wancan”. Abin da take so a duniya bai wuce ta gan shi kafin idon ya gama rufewa ba. Kowa a gidan ya san haka, amma ba mai faɗa.

Abin haushin shi ne Shekarau yakan zo har bakin ƙauyen. Shi da abokansa suna da wani wasa na mutanen da suka ƙoshi: a zuba 'yan tarkace a gwangwani, a ɓoye shi a cikin duwatsu, a sa lambobin wurin a intanet, wasu kuma su ɗauko na'urar GPS su bi kibiyarta har su gano shi. Sai ya tsayar da mota a gindin kukar bakin hanya, ya aika a kira masa Tunau, ya ba shi sabulu da atamfa ya kai wa Inna. Inna ta shafa atamfar ta ce, “Zuwa da kai ya fi aike.” Ta ajiye ta a kan 'yan'uwanta.

Wata rana Shekarau ya ce yana bukatar mai kula masa da gwangwanayen, kada ruwa ya shiga ko birai su kwashe. Ya danƙa wa Tunau wata tsohuwar na'ura ruwan ɗorawa, mai kamar rediyon aljihu. Ya ce, “Wannan da taurarin ɗan'adam take magana. In ba ta ga sama ba, ba ta aiki. Duk inda kake, ka tabbata tana ganin sama.” Tunau ya karɓa da hannu biyu ya kai ta ɗaki, ya kunna, ta yi shiru. Ya ɗaga kai ya ga jinka ta tare mata sama. Bai yi wata-wata ba ya ɗauko tsani ya yaye ciyawar rufin, ya buɗe taga mai faɗin faifai goma. Na'urar ta farka. Shi kuma ya kwanta rigingine da ita a ƙirji, suna kallon gajimare tare, wani kamar raƙumi, wani kamar tsohuwa da tulu, yana ta mamakin taurarin da suke hira da rana tsaka ba a ganinsu. Bai farga ba hadari ya haɗo. Hansai ta dawo daga rafi ta tarar ruwa yana zuba a kan gadonta.

“Malam, wa ya cinye mana rufi?”

“Yaya ne ya ce ta ga sama.”

“To ita ta ga sama, mu kuma mun ga ta kanmu. Fita waje da ita ya gagare ka?”

Tunau ya ce, “Bai ce in fita ba.”

Wata rana ya tashi zai je duba gwangwanin farko. Shekarau ya riga ya nuna masa maɓallin da zai danna, ya kuma ce, “Ka bi kibiya. Inda ta nuna nan za ka bi.” Ita kuwa kibiyar na'ura ba ta san hanya ba, miƙe take nunawa kamar tafiyar tsuntsu. Ta nuna dangar Mai'unguwa. Tunau ya yi sallama da dangar ya haura, ya ratsa tsakar gida ana tsakiyar daka, ya gaida matan gidan da kyau ba tare da ya ɗaga ido daga na'urar ba, ya haura ta baya. Ta nuna gonar gero, ya kutsa. Ta nuna tafki. A nan ya ɗan tsaya, don ga hanya nan shimfiɗe ta gefe wadda awaki ma suka sani, amma Yaya bai ce a bi hanyar awaki ba. Ya naɗe wando, ya ɗaga na'urar sama, ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai wuya. Furannin bado suka kewaye shi, ya ji sanyi har cikin ransa, ya ce lallai mutanen birni sun san daɗi. Ya fito ta ɗaya gefen da ganyen bado a ka, takalmi ɗaya ya zauna a laka. Kafin ya dawo gida ƙarar Mai'unguwa ta riga shi isowa.

Da yamma Inna ta ce ya miƙo mata abin. Ta jujjuya shi a tafin hannu, ta shafa inda roba ta goge saboda riƙo.

“Nan yake riƙewa?”

“Nan ne, Inna.”

“Ya tambaye ni?”

“A'a, Inna. Ya tambayi birai.”

Hansai ta harare shi kamar ta jefe shi da muciya. Inna dai ta miƙa masa abinsa, tausayinta ya kama Tunau, amma bai san inda ya yi kuskure ba tunda gaskiya ya faɗa.

Wata rana kibiyar ta rikice, ta nuna gabas ta nuna yamma kamar mai neman tsohon bashi a duhu. Tunau ya ari wayar mai shago ya kira yayansa. Shekarau ya ce, “Ba komai. Ka riƙe ta a kwance a tafin hannunka, ka riƙa juyawa a hankali a inda kake tsaye.” Kafin ya faɗi lokacin tsayawa layin ya yanke. Ranar kuwa kasuwa ce. Tunau ya tsaya a tsakiyarta ya fara juyawa. Rumfar mahauta ta wuce, masu goro suka wuce, duwatsu suka wuce, rumfar mahauta ta sake zuwa. Tun yana ganin abubuwa ɗaya-ɗaya har suka narke suka zama zobe guda mai launi-launi, shi yana tsakiya, ya ji kamar shi ne turken da aka ɗaure duniya. Mutane suka taru. Wata tsohuwa ta ce iskokai ne, a kawo hayaƙi. Wani ya ce sabuwar rawa ce ta birni, har ya fara tafi. Na'urar ta daɗe da dawowa hayyacinta, mai riƙe da ita ne ya fita daga nasa, ya tafi luu ya zauna daɓas cikin kwandon tumatir. Hansai ta yi mako ba ta shiga kasuwa ba.

Wata rana Tunau ya isa wani gwangwani da ke cikin tsaguwar dutse. Dokar wasan, yadda Shekarau ya karanta masa, guda biyu ce. Ta farko, kada ka buɗe a gaban idon wanda ba ya cikin wasan. Tunau ya duba dama da hagu, ba kowa, ya miƙa hannu, sai ga wani ƙadangare jan gwada a kan dutse ya zuba masa ido yana gyaɗa kai. Ya tambaye shi ko yana cikin wasan. Ƙadangaren ya gyaɗa kai. Ya tambaye shi ko ba ya ciki. Ya sake gyaɗawa. Tunau ya ga wannan ba abin yarda ba ne, ya zauna jiran ya tafi. Suka yini suna kallon juna, inuwar dutse ta taso daga yamma ta koma gabas, har ƙadangaren ya gaji ya bar masa wurin.

Doka ta biyu ita ta fi ɗaukar rai: in ka ɗauki abu a ciki, ka bar wanda ya kai shi ko ya fi shi. A ciki akwai 'yar usur ta roba. Tunau ya hura, ta yi masa daɗi, ya rasa abin da zai bari a madadinta, sai ya koma gida ya ɗauko maburgin Hansai. Washegari ya ɗauki maɓalli mai ƙyalli ya bar ludayi. Bayan nan madubi ya tafi, matankaɗi ya bi shi, shi da yake bai shiga gwangwanin ba an jingina shi a gefe. Masu wasa suka zo daga garuruwa suka kwashe suna murna, har da ɗaukar hoto. Ran da Hansai ta tashi kaɗa miya ta laluba ba maburgi, Tunau ya zazzage mata aljihunsa: usur, maɓalli, da ɗan kifin roba.

“Da kifin zan kaɗa kuka?”

“Hansai, maburginki fa yanzu wataƙila yana cikin mota. Wataƙila ya ga teku.”

“Madalla. Ni da na saye shi ko tasha ban taɓa wucewa ba. In ya dawo ka ce ya ba mu labari.”

Wata rana Shekarau ya zo gindin kuka ya ce taswirar da ke cikin kwamfutarsa ba ta san hanyoyin Kukar Sambo ba, wurin fari ne fat kamar ba mutane. Ya danna wani maɓalli ya ce, “Yanzu tana ɗaukar sawu. Duk inda ka saba bi, ka bi da ita, zan zana hanyoyin daga sawunka.” Tunau ya rataya ta a wuya ya ci gaba da rayuwarsa. Ya bi akuya da ta tsinke, ya kewaya rumbu yana korar kaza, ya bi wani malam-buɗe-littafi har bayan gari don ya ga inda yake kwana. Da Shekarau ya dawo ya haɗa na'urar da kwamfuta a kan murfin mota, sai ga zane kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ya dafe kai. Amma a tsakiyar hargitsin akwai wani ɗan layi gajere da aka bi aka sake bi har ya yi kauri ya yi baƙi.

“Wannan fa wace babbar hanya ce?”

“Daga randa zuwa ƙofar Inna ne. Ba ta ganin moɗa yanzu, ni nake kai mata ruwa.”

Shekarau ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya rufe kwamfutar ya ce rana ta yi, zai koma. Ya manta ma bai ba da atamfar da ya zo da ita ba.

Wata rana, ana gab da kaka, Shekarau ya aiko wa Tunau da sabon gwangwani da saƙo. Zai kawo baƙi masu yawa, yana so a yi musu sabuwar ajiya wadda shi kansa bai san inda take ba. Saƙon ya ce, “Ka ɓoye shi inda mutane ba sa zuwa, amma wurin ya cancanci a zo. In ka ajiye, ka tsaya a wurin ka danna maɓallin alama.” Shi dai Shekarau wani kogo yake hange, ko ƙwanƙolin dutse inda ake ganin gari kamar a faranti.

Tunau ya saɓa gwangwani ya hau duwatsu. Ya je kogo, ya ga tokar wutar makiyaya, ya ce nan ana zuwa. Ya hau ƙwanƙoli, ya ga ɓawon gyaɗa, ya ce nan ma ana zuwa. Ya gangara wani kwari mai sanyi inda ruwa ke ɗiga daga dutse, ya tarar da sawun mata masu itace. Ko'ina ya je wani ya riga shi. Ya dawo gida a gajiye ya zauna a tsakar gida yana tunani, tunani kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a wurin Tunau. Yana nan zaune idonsa ya sauka a kan Inna. Ƙawayenta sun mutu, waɗanda suka rage ƙafa ta hana su fita. Ƙasar gaban ƙofarta a share take tun safe, ba sawun kowa a kai sai nasa da na kaza. Ya tashi ya je ya durƙusa.

“Inna, mutane suna zuwa nan?”

“Wa zai zo, Tunau?”

“Amma ya cancanci a zo?”

“Kai dai ka cika tambaya.”

Ya tura gwangwanin ƙarƙashin kujerarta, ya ja gefen zanenta ya rufe, ya ɗaga na'urar ta ga sama, ya danna maɓallin alama. Inna ta tambaye shi na wane ne. Ya ce na Yaya ne, zai zo nema. Ba ta ce a ɗauke ba. Hansai da ke leƙe daga madafa ta buɗe baki za ta yi magana, karon farko a rayuwarta ta mayar ta rufe.

Ranar da aka sa, motoci suka tsaya a gindin kuka da hantsi. Baƙi suka fito da huluna masu faɗi da gorunan ruwa, cikinsu har da wata Malama Uwani, malamar makaranta mai saurin tafiya da saurin magana. Tunau ya miƙa na'urar. Shekarau ya kunna, ya fuskanci duwatsu, sai kibiya ta juya baya ta nuna cikin gari. Ya tsaya cak. Ya ce ta rikice. Ya riƙe ta a tafin hannu ya juya a hankali, ta nuna gari. Ya kashe ya kunna, ta nuna gari. Ya ce batir ne ya yi sanyi, ya cire ya sa sabo, ya goge gilashin da bakin riga, ya matsa daga inuwar kuka wai ganye ne ya tare ta. Kibiya dai ba ta sauya ra'ayi ba. Malama Uwani ta kwafi lambobin ta sa a wayarta ta ce, “Malam Shekarau, lafiyar na'urarka ƙalau. Tawa ma can ta nuna. Mu je mana.”

Ba yadda zai yi. Suka shiga gari, baƙi a gaba suna ta sha'awar rumbuna da kabewar da ta hau danga, Shekarau a can baya, yana tafe a hankali. Ya wuce masallacin da ya yi karatun allo, ya wuce bishiyar ɗinyar da ya taɓa faɗowa daga kanta. Komai ya ƙanƙance, komai kuma yana nan inda ya bar shi, sai ya ji kamar a mafarki yake tafiya. Tsofaffin da ke zaune a dakali suka bi shi da kallo, kallon kuwa ya fi zagi ciwo. Kibiyar wayar Malama Uwani ta shiga zauren gidan su Shekarau, suka yi sallama suka bi ta, ta ratsa tsakar gida ta tsaya cak a gaban wata tsohuwa a kan kujera.

Baƙi suka durƙusa suka gaida ta, suka shiga dube-dube, wani ya leƙa bayan randa, wani ya ɗaga turmi. Inna ba ta kula su ba. Ta karkata kai tana sauraron wani taku da ya tsaya a bakin zaure ya kasa ƙarasowa.

Ta ce, “Hansai, kawo wa baƙi ruwa. Wancan na bakin zaure kuma a dama masa fura. Kada a sa sukari, ba ya so.”

Baƙi suka daina dube-dube. Malama Uwani ta dubi tsohuwar, ta dubi Shekarau, ta sauke wayarta.

Inna ta ce, “Tunau, gaya wa mai gwangwani abinsa yana ƙarƙashina. Ni kuwa ƙafafuna ba sa tashi da kansu. In yana so, ya zo ya ɗaga ni.”

Tunau ya juya ya maimaita saƙon kalma-kalma da ƙarfi, ko da yake kowa ya ji. Shekarau ya tako. Ya zube a gabanta ya ce, “Inna.” Ya kama hannuwanta ya ɗaga ta tsaye, ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya sa shi kuka kamar yaro. Ita kuwa ta kawar da kai gefe yadda uwa ke yi wa ɗan fari, amma ba ta saki hannunsa ba. Can ta juyo a hankali, ta matso da fuskarta dab da tasa, ta daɗe tana dubawa da ɗan hasken da ya rage mata.

Ta ce wa Hansai, “Ya yi furfura. Ba wanda ya gaya mini.”

Tunau ya ga yayansa yana hawaye, ga baƙi sun yi cirko-cirko ba wanda ya taɓa gwangwanin, sai ya tabbata ya sake yin ɓarna. Ya matso a hankali ya ce, “Yaya, ba nan kake nufi ba ko? In mayar da shi kan dutse?”

Shekarau ya share fuska da hannun riga, ɗaya hannun yana cikin na Inna.

Ya ce, “Bar shi a nan. Wannan ni zan riƙa zuwa duba shi da kaina.”